Dattijon da ya zaga da mu Ise

Tun da na dawo Maradi, duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya tambaye ni abin da na gani a Japan ban da injin mota. To ga shi, musamman don 'yan kasuwarmu masu zuwa Nagoya lodin kayan gyara, su yi kwana goma daga sito sai masauki.

Ɗan yayata da ke karatu can ne ya ce, "Kawu, gobe babu aiki, mu je Ise." Jirgin ƙasa ya kai mu cikin kamar awa ɗaya da rabi. Shiga wurin kyauta ne, amma yaron ya ɗauko mana ɗan rakiya, wani dattijo tsohon malamin makaranta. Na so in hana saboda tsadar ƙasar. Da na hana, da shinge da jinka kawai zan kalla in dawo.

Ise shi ne babban wurin bautar mabiya Shinto, addinin gargajiya na Japan. Kafin mu hau gadar Uji da ke mashigar wurin na sa yaron ya gaya wa dattijon, "Baba, ni Musulmi ne, kallo na zo, ba zan rusuna ba." Ya ce babu komai, kuma har muka rabu bai sake tayar da zancen ba. Wannan ya girma a idona. Muka tsaya gefe muna ganin masu ziyara suna wanke hannu a kogin Isuzu, ruwa garai-garai har kana ƙirga duwatsun ƙasa. A gaban ɗakin bautar sukan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su ƙara rusunawa sau ɗaya. Daga saman matakalar dutse an hana ɗaukar hoto.

Ainihin ɗakin yana bayan shinge huɗu, kan rufinsa kawai ake hangowa. Sai dattijon ya kai mu wani ƙaramin gini mai irin ƙirarsa, ya ce in duba da kyau. Wallahi rumbu ne! An ɗaga shi daga ƙasa, an rufe da ciyawa, katakon wata bishiya da suke kira hinoki tsura babu fenti. Ya ce daga rumbun shinkafar kakanninsu aka ɗauko ƙirar. Nan take na tuna rumbun mahaifina a ƙauye, da yadda muke sabunta jinkarsa kafin damina.

Su ma sabuntawa suke yi, amma gaba ɗaya. Duk shekara 20 sai a gina sabo a filin da ke gefe, a rushe tsohon. An fara tun 690, na baya-bayan nan a 2013, na gaba 2033. Manyan ginshiƙan tsohon ɗaki su ake mayarwa ƙofofin bakin gadar da muka ratsa. Ya ce ta haka yaron kafinta ke koyo a hannun ubangidansa kafin tsufa ya ci shi. Na daɗe tsaye ina tunanin maginan ƙasa na garinmu da siminti ya kora.

Da zakara ya gifta, ya ba mu labarin Amaterasu, wadda suke ɗauka allahiyar rana. Wai ta yi fushi da ƙaninta ta shige kogo, duniya ta yi duhu, sai da carar zakaru da rawa da madubi aka fito da ita. Madubin, in ji su, yana cikin ainihin ɗakin bautar nan.

Inda dattijon ya gaza biyu ne. Ya yi gaggawa da mu a Geku, ɗaya sashen inda ake miƙa abinci safe da yamma, ni kuwa ina da tambayoyi. Sannan a layin masu abinci bai iya tabbatar mini wace miya ce babu alade ko giya ba. Ƙarshe dabinon aljihuna na ci da shayi. Mai zuwa ya riƙo guzurinsa da dardumarsa, ya kuma ce a fara da sassafe.