Sabuwar tasha a YouTube: waya za ka fara saya, makirufo, fitila, ko talla?

Idan mutum ya buɗe tasha ya ga wata ya zagayo mabiya ba su kai hamsin ba, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne kayan aikinsa ne ba su kai ba. A nan Kaduna, daga nan sai a shiga zagayen shagunan waya na Ahmadu Bello Way da na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana tambayar kuɗin iPhone. Abin da ke aljihu kuwa ba zai ɗauki komai da komai ba, dole wani abu ya jira.

A ganina waya ce za ta jira. Tecno Camon, Infinix Note ko Samsung ɗin da ke hannunka, muddin tana ɗaukar hoto a 1080p (ma'aunin kyawun hoton bidiyo ne, ya fi 360p, 4K kuma ya fi shi), ta ishe ka farawa. Yawancin masu kallonka a Rigasa, Kawo ko Tudun Wada a ƙaramar waya za su kalle ka, da yawa ma sun rage hoton zuwa 360p don tattalin data. Ka ɗauka a 4K, su kalla a 360p, wa ka burge? Ga kuma nauyi. Lissafin da iPhone da kanta take nunawa shi ne minti ɗaya a 1080p yana cin wajen MB 60, a 4K kuwa wajen MB 170. Bidiyon minti goma a 4K ke nan ya doshi GB 2, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. In canjin wayar ya zama dole, wurin ajiya na GB 128 da batir mai riƙe caji sun fi yawan megafiksel amfani. Mai sayen iPhone na hannu ya duba lafiyar batir, ya kuma san cewa daga iPhone 14 zuwa ƙasa bakin cajinsu Lightning ne, daga 15 ne aka koma USB-C. Wannan bakin shi zai yanke maka irin makirufon da za ka saya.

Makirufo nan ne kuɗin farko ya kamata ya tafi. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma muryar da ba a ji sosai ba ta samun ko daƙiƙa goma. Kaduna kuwa ba garin shiru ba ne: janaretan maƙwabci, hon ɗin keke napep, ruwan damina a kan kwano, sannan iskar hunturu da ke busawa kai tsaye cikin makirufon waya.

Mafi araha cikin masu inganci shi ne na maƙalawa a wuyan riga mai igiya, irin Boya BY-M1. Igiyarsa ta kai mita shida, ƙaramin batir irin na agogo yake amfani da shi, babu zancen caji. Ga mai zama wuri ɗaya, malami mai karatu, mai koyar da ɗinki, mai sharhin ƙwallo, wannan ya wadatar. Matsalarsa biyu: igiyar tana harɗewa, kuma sai wayarka tana da ramin iyafis, in babu sai ka ƙara da mahaɗi, mahaɗin ma ba kowanne ke shigar da murya ba. Yana da ɗan makunni da ke zaɓar waya ko kyamara, wanda ya manta bai mayar da shi gefen da ya dace ba yana iya gama ɗauka ya tarar aikin ya ɓaci.

Sai marasa igiya masu araha, irin waɗanda ake kira K9, da suka cika kasuwa. Daɗin amfani kam akwai, ka soka a waya ka maƙala a riga, shi ke nan. Amma ingancinsu sa'a ne, kwali iri ɗaya, aiki daban. Wasu wajen ƙoƙarin kashe hayaniya sai su cinye har da muryarka, ka fito kamar mai magana a cikin randa. Na sama su ne Hollyland Lark, DJI Mic da Rode Wireless GO II, masu zuwa da abin maƙalawa biyu. Mai fita jin ra'ayin jama'a a Kasuwar Barci ko mai hira da baƙi shi ne kuɗinsu zai yi wa rana. Mai girki a kicin ɗinta ba ta buƙatarsu yanzu.

Ko wanne za ka saya, kada ka biya sai ka gwada a taka wayar, ba ta mai shago ba. Ka ce, "Alhaji, a ba ni in ɗan ji shi a tawa." In mara igiya ne, ka maƙala, ka bar wayar a kan kantar shagon, ka taka zuwa bakin titi kana magana, ka juya wa wayar baya, ka dawo. Sannan ka saurara da lasifikar wayar, don da ita mutane za su ji ka. In ka ji muryar tana yankewa lokacin da ka juya baya, ajiye masa kayansa. Ka tambayi ɗan gashin nan da ake rufa wa kan makirufo saboda iska. A watan Disamba za ka san amfaninsa.

Haske ba ya buƙatar dogon zance. Taga da hantsi ko inuwar bishiya da la'asar sun fi fitilar zobe kyau, kuma kyauta ne. Mai ɗauka da dare ya nemi fitilar da ke aiki da USB don fawa bank ya riƙe ta in an ɗauke wuta. Mai sa tabarau ya kauce wa ta zobe, zoben yana fitowa ɓaro-ɓaro a gilashi. Sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya kuwa a saya mai ɗan nauyi, marasa nauyin iska ke kayar da su da waya gaba ɗaya. Wajen tace bidiyo, CapCut da VN na kyauta sun isa. KineMaster na kyauta yana manna tambarinsa.

Inda aka fi yin asara shi ne sayen mabiya. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai, sai kana da mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, miliyan 10 cikin kwana 90. Ganin wannan ne ya sa ake ta tallar "mabiya dubu cikin kwana biyu" a WhatsApp. Dokar YouTube ta hana, tana share irin waɗannan mabiyan, wani lokaci har tashar ta tafi da su. Ko sun tsira, ba sa kallo, kuma tashar da mabiyanta ba sa buɗe bidiyonta ba ta samun turi zuwa ga baƙin ido. Rukunonin "bi ni in bi ka" ma duk tafiyar ɗaya ce.

Talla ta Google Ads halastacciya ce, sai dai awannin kallon da ta kawo ba sa shiga lissafin 4,000 ɗin, haka ma na Shorts. Ta fi dacewa da mai abin sayarwa, mai turaren wuta ko mai ɗinki, wanda ciniki yake nema. Wanda tasha yake ginawa, gara kuɗin ya tafi ga data da kuɗin mota zuwa wurin wani mai tasha da ya ɗan fi shi jama'a su yi bidiyo tare. Kada kuma a ci bashi da sunan YouTube za ta biya: kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo ne naka, kuma AdSense, hanyar da Google ke biyan kuɗin, ba ta turo komai sai ya taru ya kai dala 100. A kuma guji ɗora waƙar wani a ƙarƙashin bidiyo, na'urar YouTube tana ganowa, kuɗin ya koma ga mai waƙar. Akwai kiɗan kyauta a rumbun YouTube ɗin.

Kafin sayayya ta gaba, buɗe manhajar YouTube Studio ka duba zanen da ke nuna inda mutane suke barin bidiyonka. In ana ganin bidiyon ba a dannawa, take da hoton gaba ne za a gyara. In kuwa ana shiga ana ficewa cikin daƙiƙa 30 na farko, sau da yawa doguwar gaisuwa ce da roƙon a danna ƙararrawa. Sallama ɗaya, ka faɗi abin da za a gani, roƙon ya jira tsakiyar bidiyo.