Littafi, Manhaja ko Lesin: Me Za a Saya wa Mai Neman Injiniya Don Ya Gane Fankshin?

Bara, ana saura wata uku a yi JAMB, jarabawar neman shiga jami'a, wani maƙwabcina ya yi mini sallama bayan Magariba, ɗansa na biye da shi rungume da wani littafi da ya kusa kai bulo nauyi. Ya ce, "Malam, na gaji da sayen ƙanana, na saya masa na manya gaba ɗaya a huta." Engineering Mathematics ne na K. A. Stroud, wani ɗan'uwansu injiniya ya ce shi ne magani. Kafin na buɗe littafin sai na rubuta wa yaron tambaya a bayan takardar kuɗin wuta: f(x) = 2x + 3, g(x) = x², nawa ne f(g(2))? Ya yi ɗan jim ya rubuta 28. Ya nemo f(2) ya sami 7, ya nemo g(2) ya sami 4, ya ninka su. Amsar 11 ce: g ke fara karɓar 2 ta fitar da 4, sannan f ta karɓi 4 ɗin ta fitar da 11. Littafin nagari ne, kuɗin ma halal ne, amma an sayo maganin kafin a san ciwon.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da zai saya, sai na fara gwada yaron. Kafin gwajin kuma ya kamata mai biyan kuɗin ya san abin da ake magana a kai, ko da bai yi lissafi mai zurfi ba.

Ɗauki gida mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu. In ka ambaci sunan yaro na ce wacece uwarsa, amsa ɗaya ce tak. Wannan shi ne fankshin: duk abin da ka zuba, abu ɗaya zai fito. Yara huɗu za su iya nuna uwa ɗaya, babu laifi. Amma in ka ambaci uwar na ce wanene ɗanta, amsa ta zama huɗu. Dangantaka ce, sai dai ba fankshin ba ce. Haka x² + y² = 25 take: zuba x = 3, sai y ta ba ka 4 da −4. Ita kuwa dangantakar "ɗakinsu ɗaya" tana da sifa uku da littattafai ke ɓata shafuka a kansu. Kowane yaro ɗakinsa ɗaya da kansa. In Sani ɗakinsa ɗaya da Binta, to Binta ma ɗakinta ɗaya da Sani. In Binta kuma ɗakinta ɗaya da Garba, Sani da Garba 'yan ɗaki ɗaya ne. Duk dangantakar da ta cika ukun nan takan raba jama'a ɗaki-ɗaki, babu mai zama a biyu, babu mai kwana a waje. Yaron da ya tashi a babban gida ya san wannan tun kafin ya san haruffa, sunayen Turancin ne kawai ke firgita shi.

Abin da ke ruɗa masu saye shi ne silabus ɗin lissafi na JAMB. An kasa shi biyar: lambobi, aljabara, joometiri da tirigonometiri, kalkulas, da ƙididdiga. A ƙarƙashin aljabara za ka ga folinomiyal, wato jeri irin x³ + 2x − 1, da tambayoyin tauraro irin a * b = a + b − ab, da matiris. Mai neman wani ƙaton babi mai suna fankshin zai duba ya ce ai babu, ya wuce. Alhali yana nan a ɓoye cikin rabinsu. Ba ka iya taɓa kalkulas sai ka san fankshin cikin fankshin, wanda ni nake ce wa goyo, domin g tana goye ne a bayan f. Tambayar ragowar rabawa a folinomiyal ba komai ba ce illa nemo f na wata lamba. Sannan mai neman injiniya zai haɗa lissafin da Turanci da fiziks da kemistiri, tambaya 180 cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi. Raba ka gani: daƙiƙa 40 kowace tambaya. Don haka abu biyu ake saye, fahimta da sauri, kuma da wuya abu ɗaya ya ba da duka biyun.

A fara da abin da yake gida. New General Mathematics na babbar sakandare, na ɗaya zuwa na uku, ko wani makamancinsa da makaranta ta sa aka saya, ya isa ga yaron da har yanzu yake tuntuɓe wajen mayar da x ta zama ita kaɗai a gefe guda. Irin wannan yaro ba fankshin ne matsalarsa ba, aljabarar ƙasa ce. In ka ba shi y = (x + 1)/(x − 2) ka ce ya fitar da x ya kasa, kada a kashe ko sisi tukuna, a koma kan tsohon littafin nan ko da bangonsa ya yage. Raunin littattafan lissafin gama-gari shi ne ba sa zama a kan juyin fankshin, wato komawa daga abin da ya fito zuwa abin da aka zuba, da goyo yadda mai zuwa injiniya yake buƙata.

Nan littafin ƙarin lissafi, wanda yara ke kira foda, yake shigowa, kuma in kuɗin littafi ɗaya ne a hannu, nan zan ce a sa shi. Silabus ɗin WAEC na wannan darasi ya ambaci abin da sunansa: lambobin da aka yarda a zuba, waɗanda ke fitowa, fankshin mai ɗaya-ga-ɗaya, juyi, da goyo. Saboda haka littattafan da aka rubuta dominsa, kamar Further Mathematics Project, suna bin abin daki-daki da misalan da suka yi kama da na jarabawarmu. Makarantu da yawa a nan ba su da malamin foda, yaro ya gama aji shida bai taɓa ganin f⁻¹, alamar juyi, ba. Ba sai ya rubuta darasin a WAEC ba kafin ya amfana da littafin, kuma shi ne zai tsaya masa a shekarar farko ta jami'a, ko in ya bi ta IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita.

Sai dai a buɗe ido wajen saye. Bugun jabu ya cika kasuwa, kuma a lissafi jabu ba muni kawai yake jawowa ba. Na taɓa zama da wata ɗaliba kusan rabin awa muna neman inda ta kuskure, ashe ɗan ƙaramin 2 da ke saman x ne tawada ba ta kama ba, x² ta koma x. A littafin adabi harafi ɗaya ya ɓace ka cika da hankalinka, a nan kuwa tambayar gaba ɗaya ta canja. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin, nemi shafi mai ƙananan lambobi a sama da alamar ragi, ka ɗaga shi a haske. Duba ko amsoshin baya suna nan, domin su ake fara zubarwa don rage takarda. Tsohon bugu na asali da wani ya gama da shi ya fi mini sabon jabu mai sheƙi. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a nan araha har maki take ci.

Ƙasidun tsofaffin tambayoyi kowa na saye, kuma ya kamata a saya. Su ne ke nuna wa yaro yadda mai tambaya yake tunani. Abin lura biyu ne. Akwai masu jera tambayoyi shekara-shekara, akwai masu tara su maudu'i-maudu'i. Ga mai koyo na biyun ya fi, domin zai yi ashirin iri ɗaya a jere har hannunsa ya faɗa, na farkon sai an kusa jarabawa. Abin lura na biyu, guji wanda amsarsa harafi ne kawai, A ko C, babu aiki. Ana samun kuskure a amsoshin ƙasidun nan, kuma yaron da bai tsaya da ƙafarsa ba zai yarda da littafi ya ƙaryata kansa.

Manhajojin gwajin jarabawa na waya da kwamfuta sauri suke sayarwa, ba fahimta ba. Amfaninsu agogon da ke gudu a kusurwa da saba wa ido karanta lissafi a allo. Yawancinsu tambayoyin ƙasidun can ne aka zuba, da kurakuransu. In za a biya, a zaɓi wadda ke aiki ba data, a kuma gwada ɓangaren kyauta a ga yadda take nuna kashi da ƙananan lambobi, don wasu sukan cakuɗa su a layi ɗaya. Wata guda ko biyu na ƙarshe ya ishe ta. A nan ne yaro zai koyi dabarar da littafi ba ya koyarwa. An ce nemo juyin f(x) = (x + 1)/(x − 2), ga zaɓi huɗu. Maimakon layi biyar na aljabara, zuba 3: f(3) = 4. Yanzu zuba 4 a kowane zaɓi, wanda ya dawo maka da 3 shi ake nema. (2x + 1)/(x − 1) ya ba da 9/3, wato 3. An gama cikin daƙiƙa ashirin. Amma dabarar tana aiki ne ga wanda ya gane cewa juyi komawa gida ne, daga gari a koma hatsi. Wanda ya haddace ta kawai zai rikice ranar da aka canja salon tambayar.

Akwai kuma na kyauta da ba kowa ya sani ba. Hukumar NCERT ta Indiya tana sa littattafanta na makaranta a shafinta, kowa ya sauke. Babi na 2 na lissafin aji 11 da babi na 1 na aji 12 duk a kan dangantaka da fankshin suke, da Turanci mai sauƙi da misalai da aka warware a hankali. Ban ga bayanin sifofin nan uku na 'yan ɗaki da ya fi nasu tsabta ba. A sauke, a buga shafukan babin kawai a shagon kwamfuta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Inda zan ja kunne shi ne kada yaro ya zarce cikin kayan shirin JEE, jarabawar shiga makarantun injiniya ta can, da suka cika YouTube. Tasu jarabawar daban ce, ana ma rage maki in ka ba da amsar da ba daidai ba, kuma suna son tambayoyi irin: daga rukuni mai abu 2 zuwa mai abu 3, dangantaka nawa za a iya ƙullawa, fankshin nawa? Amsa 64 da 9. Yana da daɗi ga mai kaifin kai, amma yaron da ya kwana uku a kan irin wannan ya bar kemistirinsa yana jira. Na ga masu ƙoƙari da suka karaya saboda sun auna kansu da mudun da ba nasu ba.

GeoGebra da Desmos, manhajojin da ke zana fankshin a allo, su ma kyauta ne, kuma ina sa kowane ɗalibina ya sauke ɗaya. Rubuta (x + 1)/(x − 2), ka ga zanen ya tsage gida biyu a daidai x = 2, yana hawa yana gudun layin kamar wuta. Daga ranar ba ya sake tambayar dalilin da ya sa aka hana zuba 2. Bidiyon Khan Academy ma suna da kyau ga wanda kunnensa ya saba da Turancin Amurka kuma yake da data. Matsalar wayar dai ita ce wayar: an shiga don zane, an ɓuge a TikTok.

Lesin shi ya fi komai tsada, shi ya fi komai bambanta. Cibiyar da ke tara yara tamanin a ɗaki ɗaya, malami na warware tambaya a allo ana kwafa, ƙasidar tsofaffin tambayoyi ce mai baki. Kafin ka biya na wata, roƙi a bar yaron ya zauna darasi ɗaya, in ya dawo ka tambaye shi abu biyu: an duba aikin hannunsa? Ya yi tambaya an amsa? In a'a, gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki ɗalibin injiniya ɗan aji biyu ko uku a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ke Samaru, ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Bai daɗe da fitowa daga ramin ba, ya san inda ake faɗawa. Duk cibiyar da ta yi alkawarin maki ko ta fara maganar "taimako" a ranar jarabawa, a ja ƙafa.

Kalkuleta kuwa a dakata. Ba a shiga ɗakin JAMB da ita, akwai ƙarama a jikin allon kwamfutar. Mai tsadar sai an sami gurbi.

Shi kuma Stroud, wanda aka fara bugawa a 1970, tsarinsa na ƙananan matakai ne, ka amsa ɗaya kafin ka ga na gaba, kuma bugun baya-bayan nan suna da sashen share fage da ya taɓa fankshin. Mai karatu shi kaɗai, wanda ya riga ya tsaya, zai ji daɗinsa. Ga ɗan maƙwabcina dai na ce a sa shi a leda a ajiye a saman kwaba. Muka aro masa littafin foda daga wata yayarsa da ta gama, muka buga babi biyun nan na Indiya, uban ya ƙara ƙasidar tambayoyi mai bin maudu'i. Bayan mako biyu na sake ba shi tambayar farko, na juya ta: g(f(2)). Ya rubuta 49, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan karon f ce a goye."