Ciyar da tsuntsayen lambu a hunturun Ingila: wane mazubi, wane abinci?

A watan Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, ƙasa ta daskare, ƙwari sun ɓuya. Ƙaramin tsuntsu na iya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa a dare ɗaya mai tsananin sanyi. Shi ya sa kantuna ke cika da mazubai da buhunan tsaba a wannan lokaci. Kafin ka zaro kuɗi, ka san wanda zai amfani tsuntsaye da wanda zai tara maka ɓeraye kawai.

Mazubi iri uku ne aka fi sayarwa. Akwai mai siffar bututu da ƙofofi biyu zuwa shida, akwai na ragar waya wanda ake zuba gyaɗa ko curin kitse, sai kuma tebur ko faranti buɗaɗɗe. Teburin ya fi kyan gani, amma shi ne ya fi haɗari. Tun 2005 wata cuta mai suna tirikomonosis ke kashe tsuntsayen lambu a Birtaniya, musamman koren nan da ake kira greenfinch, har ta kai a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Cutar maƙogwaro take kamawa: tsuntsu ya kasa haɗiya, ya tofar da ƙwayar da miyau, wani ya zo ya tsince. A kan faranti mai laima ƙwayar nan kwana take yi tana jiran na gaba. A farkon 2025 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta dakatar da sayar da irin waɗannan tebura. Wannan kaɗai ya ishe ka dalili.

Bututun shi ne zaɓi, amma ka juya shi a hannu tun a kanti. Gindinsa yana cirewa? In ba ya cirewa, ajiye shi, domin a nan ƙasan tsaba ke jiƙa ta dunƙule ta yi fumfuna, burushi kuma ba zai kai ba. Duba bakin ƙofofin da sandunan da tsuntsu ke tsayawa: na roba ya fi araha, amma kurege mai ruwan toka zai gwigwiye shi cikin 'yan kwanaki. Na ƙarfe ya fi tsada, sai dai saye ɗaya ne. Inda kurege da tattabaru suka yi yawa, akwai wanda aka kewaye da keji, ƙananan tsuntsaye su shige, manya su tsaya a waje.

Wajen abinci ne aka fi cutar mai saye. Gaurayen tsaba mai araha yawancinsa alkama ce da sha'ir, wani lokaci har da busasshen wake. Ƙananan tsuntsaye watsar da su suke yi suna neman 'yar mai maiƙon da ke ciki, abin da ya zube kuwa rabon tattabaru ne da rana, na ɓeraye da dare. Arha dai ba ta ado. 'Ya'yan sanfulawa da aka ɓare sun fi tsada a kilo, amma kusan kowane tsuntsu na ci, kuma babu ɓawon da zai taru a ƙasa. Baƙaƙen masu ɓawo sun fi sauƙin kuɗi in ba ka ƙi shara ba. Gero na jawo gwara da kurciya. Baƙar tsabar nan siririya da ake rubuta nyjer a jikin buhunta tana buƙatar mazubi mai ƙananan ƙofofi na musamman, kuma goldfinch, ƙaramin tsuntsun da ake sayenta dominsa, yana cin sanfulawa, don haka ba dole ba ce.

Gyaɗa sai wadda aka rubuta an gwada ta ba ta da afulatoksin, gubar fumfuna da ke lalata hanta. Ban da mai gishiri, ban da soyayya, kuma a ragar waya kawai, don su riƙa tsaga kaɗan-kaɗan. Curin kitse yana da amfani ƙwarai a ranakun ƙanƙara. In ya zo cikin ragar leda, cire ta, tana maƙale ƙafar tsuntsu. Mai ƙyamar taɓa kitsen alade ya karanta jikin kwali, akwai na kitsen shanu da na man tsirrai.

Fara da buhun kilo 2 ka ga yadda ake ci, ka ajiye a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Kada ka zuba fiye da abin da zai ƙare a kwana ɗaya ko biyu. Rataye mazubin tsuntsayen kamar mita 2 daga shinge ko itace, yadda tsuntsu zai samu mafaka daga shaho amma kyanwa ba za ta samu maɓoya ba. Wanke shi duk mako da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a waje, da safar hannu, ya bushe sarai kafin a sake zubawa. Ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya yi lakwas, tsaba ta manne masa a baki? Sauke komai na mako biyu zuwa huɗu. Ruwan sha kuma a canza kullum. In ya daskare a narkar da ruwan ɗumi, kada a sa gishiri.

Don kallo, madubin hangen nesa mai lamba 8x32 ya wadatar a lambu, ya fi 10x50 sauƙin riƙewa ba tare da hannu ya yi rawa ba. Da shi za ka iya shiga ƙidayar tsuntsayen lambu ta awa ɗaya da RSPB ke shiryawa a ƙarshen kowane Janairu tun 1979.