Karanta rubutu ko yi wa manya tambayoyi: wanne ya fi dacewa da yaran Hajiya?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce yaranki biyu, mai shekara 12 da mai shekara 9, sun matsa miki sai sun fara shirin murya irin wanda ake saurare a waya, wato fodkas, kuma ra'ayinsu ya rabu. Babban yana son ya zauna ya karanta kamar mai labaran rediyo, ƙaramar kuwa so take ta riƙe waya tana yi wa mutane tambayoyi. Ni malamar firamare ce, kuma a dogon hutun bara na gwada duka biyun da 'ya'yan yayata su uku a Runjin Sambo, cikin Sakkwato. Abin da na ji da kunnena zan faɗa miki.

Ban yi mamakin zaɓin babban ba. Yaron da ya tashi a Sakkwato da muryar mai labarai a kunnensa ya tashi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta fara nata a 1979, ga kuma Rediyon Rima a gida. Kakansa ya ji, babansa ya ji. Ita kuwa kalmar fodkas sai a 2004 aka ƙirƙiro ta. Don haka da zarar an ba yaro abin ɗaukar magana, sai ya gyara zama ya kauraro murya, domin abin da ya sani kenan.

Wannan salo yana da amfani na gaske, ba na raina shi. Kafin yaro ya karanta sai ya rubuta, kafin ya rubuta sai ya tabbatar. Babban yaron yayata ya shirya minti biyu a kan ƙofofin gari, irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya. A rubutunsa na farko ya ce Shehu ne ya gina garin. Muka zauna muka duba, ya gano cewa Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa daga baya, ya rasu a nan a 1817. Da hannunsa ya soke layin ya gyara, kuma har yau bai manta ba. Ga shi ɗaukar ba ta da wahala: baki ɗaya, waya ɗaya, in an yi tuntuɓe a sake jimlar.

Abin da ya dame ni shi ne, da na saurara ban ji yaron da na sani ba. Wanda a tsakar gida yake cewa "munka tahi" da "wanga gari", sai ga shi yana "muka tafi" da "wannan gari", cikin murya mai tauri wadda ba tasa ba. Ba wanda ya sa shi. Shi ya ɗauka cewa Sakkwatanci na gida ne, ba na shiri ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin harshen da ya sha a nono ne yake jin kunyarsa tun yana ɗan shekara 12. Ƙanwarsa kuma, wadda karatunta bai gama nuna ba, da ta gwada sai ta yi ta cijewa a kan ɓ da ɗ da ƙ. Muka sake sau biyar, a na shida ta ajiye takardar ta ce ita ba ta iya ba. Ki lura da wannan game da 'yarki mai shekara 9.

Salon tambayoyi akasin haka yake kusan ta kowace fuska. Shirinsa kaɗan ne, aikinsa na baya ne. Mun rubuta tambayoyi biyar a bayan kwali, yarinyar ta je ɗakin kakarsu ta zauna a tabarma. Ukun farko ta karanto su kamar hadda. Sai tsohuwar ta shiga ba da labarin yadda tata kakar ke bin 'yan taru, matan ƙauye da ke tahowa ƙarƙashin jaji, wato jagorarsu, don ɗaukar karatu, tsarin da Nana Asma'u ta kafa. Daga nan ta gangaro kan wata shekara da ruwa ya yanke musu hanya suna yara. Yarinyar ta manta da kwalin, ta ce, "Inna, to mi kunka yi?" Wannan tambaya ba ta cikin biyar ɗin, kuma ita ce ta fi kowace kyau. A nan na ji muryarta ta gaske, da Sakkwatancinta, domin hankalinta ya bar kanta ya koma kan amsar.

Bambancin ke nan a wurina. Mai karantawa kansa yake saurare, yana tsoron kuskure. Mai tambaya wani yake saurare. Kuma abin da ya rage a wayar ma ba ɗaya ba ne. Tarihin ƙofofi yana nan a littafi, ko an goge za a sake. Muryar kaka tana faɗin abin da ta gani ba a sake ta. Yayata ta tura wa 'yan'uwa a Gusau da Birnin Kebbi, kuma wannan ne kaɗai suka nemi a ƙara.

Amma kada in ɓoye miki wahalarsa. Ta farko ita ce kunya. A tarbiyyarmu yaro ba ya titsiye babba da tambaya, ba ya katse shi, kuma ba na so shiri ya koya masa akasin haka. Abin da na yi shi ne na koya musu lafazin da ya dace: a fara da gaisuwa, a nemi izini, in ana son ƙari a ce "don Allah a ƙara mini bayani". Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san yadda ake shiga. Ta biyu, yara suna son tambayar da amsarta "awo" ce ko "a'a". Ki sa su fara kowace da "yaya" ko "me ya sa". Ta uku, babba in ya sami mai saurare zai yi minti ashirin bai numfasa ba, yaron ya ɓace a shirin nasa. Dole a yanke, kuma yankan aikinki ne ko na babban yaron. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, tana yin wannan.

Akwai salo na uku, su biyu su zauna su yi ta hira a tsakaninsu. Mun gwada, ya zama dariya da musu, daɗi gare su amma ba mai iya saurare har ƙarshe. A bar shi sai sun goge. Tatsuniya ta fi shi sauƙi, tunda "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus" sun riga sun yi musu ƙofar shiga da ta fita.

Shawarata, ki fara su da tambayoyi, amma kada ki hana babban abin da yake so. Ki ba shi buɗewa da rufewa: rabin minti a farko ya faɗi wa za a ji yau da kuma a kan me, rabin minti a ƙarshe ya yi godiya. Ya rubuta da kansa, yadda yake magana a gida. Ƙaramar ta riƙe tambayoyin. A shiri na uku su yi musanya, domin shi ma yana buƙatar ya koyi yin shiru yana saurare. In kakanni sun ƙare, akwai baduku ko majemi a cikin dangi ko maƙwabta. Yaron yayata a bakin majemi ya fara jin cewa da bagaruwa ake jeme fata.

Wajen ɗauka, fanka ce babbar matsala, domin waya tana kama ƙararta fiye da yadda kunne ke ji, kuma kashe ta da rana a watan Afrilu azaba ce. Mu bayan sallar asuba muke yi, kafin zafi ya taso, kafin 'yan kabu-kabu su cika titi. Ɗaki mai katifa da labule ya fi zaure, don zaure yana amsa kuwwa. A rufe layin wayar kada kira ya shigo, a ajiye ta a kan matashi tsakanin masu maganar, kamar taƙi ɗaya daga baki. Minti biyar ya isa shiri, kuma nauyinsa bai wuce megabait biyar ba, ba zai cinye miki data ba.

Kada su ambaci cikakken sunansu, ko makarantarsu, ko layin gidanku. Ƙa'idar WhatsApp shekara 13 ce, su biyun ba wanda ya kai, don haka daga wayarki za a tura, kuma ga dangi kawai tukuna. Wanda aka ɗauki muryarsa a kunna masa ya ji kafin a aika wa kowa.