Wane bod za ka saya in za ka haɗa na'urar MIDI da hannunka?

Duk wanda ya taɓa kwana a situdiyo yana jan sauti a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da linzamin kwamfuta har wuyan hannunsa ya yi tsami, ya san daɗin maɓallin da ake murɗawa da yatsa. Na kanti suna nan, amma farashinsu dala yake bi. Shi ya sa samari daga Tudun Wada zuwa Kawo suke yawan tambayata wane bod, wato ƙaramin allon lantarki, za su fara da shi wajen haɗa tasu na'urar MIDI, wato akwatin maɓallai da ke aika wa manhajar kiɗa umarni. Ni kam Pro Micro nake cewa, mai aisi ATmega32U4, wato ɗan guntun da yake ƙwaƙwalwar bod ɗin.

Aisin nan da bakinsa yake magana da USB. Ka zuba masa shirin da ka rubuta da laburaren MIDIUSB, ka soka shi a kwamfuta, FL Studio ko Ableton za su gan shi cikin na'urorin MIDI tamkar kibod ɗin kanti, babu wata manhaja a tsakani. Ƙafafunsa 9 ne ke karanta boliyom, wato maɓallin murɗawan nan. In sun yi maka kaɗan, ƙara aisin CD74HC4067, boliyom 16 su bi ta ƙafa guda, wasu ƙafafu 4 na zaɓen wanda za a karanta. Ga Pro Micro ɗan mitsitsi, zai zauna daram a akwatin da maƙeran Panteka za su lanƙwasa maka. Aibinsa da na sani shi ne bakin USB ɗinsa na ɓallewa in ana yawan cire waya. Nemi mai bakin USB-C, in ba ka samu ba ka ɗaure bakin da gam mai ƙarfi tun ranar farko.

Bod ɗin Arduino Uno kuwa na koyon kunna fitila ne, sai ka haɗa shi da manhajojin Hairless da loopMIDI kafin ya yi magana da FL Studio. Teensy 4.0 ingarma ne, gudunsa 600 MHz, amma saƙon boliyom a MIDI daga 0 zuwa 127 ya tsaya, wa zai ɗauko tirela saboda buhun gero ɗaya? Raspberry Pi Pico ya fito a 2021 kan dala 4, arha kam, sai dai ƙafafu 3 kacal ya ba ka na boliyom.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne wajen saye. Wani mai shago ya taɓa miƙo mini bod ɗin Nano a leda a maimakon Pro Micro, ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta." Na yarda, na kwana biyu ina liƙa boliyom 8 da dalma, ashe bod ɗin ba zai taɓa fitowa a matsayin MIDI ba. Har yau in na tuna raina na ɓaci. Don haka kafin ka miƙa kuɗi, haska aisin da fitilar wayarka ka karanta 32U4 da idonka. Juya bayan bod ɗin, in ka ga wani dogon aisi mai rubutun CH340, ajiye musu kayansu. Wanda aka goge rubutun kansa ma kada ka taɓa. Sannan Pro Micro iri biyu ne, mai 5V da 16 MHz, da mai 3.3V da 8 MHz. Ɗauki mai 5V. In ka zaɓi wanda ba shi ba a Arduino IDE, manhajar da ake zuba wa bod shiri da ita, kwamfuta za ta daina ganinsa, sai ka haɗa ƙafar RST da ta GND sau biyu da sauri kafin ya farfaɗo na 'yan daƙiƙu.

Boliyom ma ana cuta a kansa. B10K kake so, ba A10K na rediyo ba, wanda lambobinsa ke cunkushewa a gefe guda. Tafi da mitarka ta awon lantarki kasuwa, murɗa boliyom ɗin zuwa tsakiya, ka auna ƙafar tsakiya da ta gefe, ya kamata ka ga wajen 5k. Masu zamewa sama da ƙasa suna da ban sha'awa, amma ƙurar hunturun Kaduna ta tsagarsu take shiga, sai ka ga sauti yana rawa shi kaɗai. Na murɗawa sun fi jurewa. Wayar USB kuma a gwada maka ita a shagon, da yawa na caji ne zalla, ba sa ɗaukar bayanai.