Wata biyar ina aiki da ƙaramar testa LCR-T4, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa masu gyaran rediyo da amfilifaya. Tun kwanaki wasu ke tambayata akan ƙaramar testan nan da nake saka taransista a ciki, wai tana aiki kuwa ko asarar kuɗi ce, to yau na samu sarari bari in faɗi abin da na sani.

Abin da ya sa na saye ta wata tsohuwar amfilifayar masallacin unguwarmu ce da ladan ya kawo min, gefe ɗaya ya ƙone ɗayan kuma yana ta shuuu idan an saka makirfo, kuma kafin ta zo hannuna wani ya riga ya taɓa ta ya canza wasu kaya bai saka irinsu ba. Babu zanen da'ira, sunan kamfanin ma ya goge a jikin akwatin. Manyan taransista na fita ba su ba ni wahala ba, C5200 da A1943 ne kowa ya san su, matsalar ƙananan ne masu ƙafa uku waɗanda zafi da tsufa suka cinye lambarsu, wani ma da gangan aka kankare shi tun daga masana'anta don kar a kwaikwayi aikinsu. Na kwana biyu da mita ina gwada ƙafa da ƙafa, wallahi raina ya ɓaci sosai don mutane suna ta kiran sallah da baki ba lasifika kuma ni suke jira.

Yadda take aiki ba wuya, batir 9V ake saka mata, ka ɗaga ɗan hannun soket ɗin ka zura ƙafafu ka danne ka latsa maɓalli, daƙiƙa biyu uku sai ta zano maka hoton abin a fuska, NPN ne ko PNP, wace ƙafa ce B (base) wace ce C (collector) wace ce E (emitter), ta ba ka hFE, wato yawan ninka wutar da taransistan yake yi, da kuma ƙarfin wutar da ke tsakanin B da E. Wannan na ƙafafun shi ya fi burge ni, saboda duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san C1815 da C945 jerinsu E C B ne, BC547 kuma C B E, 2N3904 E B C, jiki iri ɗaya baƙi ɗan ƙarami amma in ka saka wani a gurbin wani ba ka juya ƙafa ba ka jawo wa kanka sabon aiki. Ashe abin da mai gyaran farko ya yi kenan a wuri biyu.

Akwai guda ɗaya kusa da ramin makirfo da mita ta kasa gane min, ba ya nuna alamar dayod biyu kamar sauran, har na ɗauka ya mutu ne zan jefar. Ina saka shi a testa ta rubuta N-JFET, wato wani nau'in taransista ne daban. Na ɗauko gilashin ƙara girma na shafa ɗan farin man sanyaya taransista a fuskarsa na goge, sai ga ragowar lamba 30 ta fito, K30A ne lafiyarsa ƙalau. Ga yaran da ke koyo, 'yan Japan ba sa rubuta 2S na farkon lambar a jikin taransista, in ka ga K30A to 2SK30A zaka nema, C5200 kuma 2SC5200. Haka wani kore mai zobban launi da kowa zai ce resista ne, testa ta nuna ashe kwayil ne. Kwandansa ma tana ba ka ESR, wato turjiyar da ke cikinsa, na samu uku da adadinsu yake daidai amma sun bushe a ciki, su ne suke kawo shuuu ɗin.

To amma fa kar wani ya saya da tunanin zata faɗa masa sunan kaya, ba ta yi. Zata ce maka PNP ne hFE kaza, amma ba zata ce A1015 ne mai ɗaukar 50V ko wani mai ɗaukar sama da 100V ba, domin ita da 5V kawai take gwaji da wuta 'yar kaɗan da ba ta kai 10mA ba. Dole ka koma kan allon da'ira ka auna wutar da ke zuwa gurbin sannan ka zaɓi madadi. Shi ya sa ma ba ta kama jabu, na sayi C5200 biyu a wani shago ta nuna su garau, minti goma a kan lasifika suka tashi, na fasa ɗaya da guduma na ga ɗan abin da ke ciki bai kai rabin na asali ba. Na asali an yi shi don 230V da 15A, ta ina batir 9V zai gwada wannan.

Zina dayod ma in ya wuce wajen 4.5V dayod kawai take ganinsa, ance ƙanwarta TC1 tana da ramin zina har 30V, ita nake so in ƙara. IC kuwa sam babu ruwanta da shi. Mai ƙafa takwas da aka kankare a wannan amfilifayar da hannu na bi shi, ƙafa ta 8 tana kan +15V ta 4 tana kan -15V, ta 1 da ta 7 su ke fitar da sauti, na san dangin 4558 ne, na saka soket na ɗora sabo ya tashi. Resistan da ya ƙone ƙurmus kuma gefen da ke da lafiya na duba na karanta ɗan uwansa.

Dan Allah duk wanda ya saya ya sauke cajin kwandansa kafin ya saka, ƙafafun soket ɗin kai tsaye suke shiga ATmega328 ɗin da ke ciki, wato IC ɗin da ke sarrafa testar, wani abokin aikina rana ɗaya ya kashe tasa da kwandansan wuta. Kuma a cire kaya daga allo kafin a gwada, a kan allo ƙarya take yi. Tawa tsirara ta zo babu gida, ƙurar hunturu ta shiga soket ta fara ba ni lamba barkatai sai da na wanke da sifirit na haɗa ƙafafu ukun na sake saita ta, yanzu a cikin robar sabulu take zama. Manyan taransista ba sa shiga soket ɗin da kyau, na haɗa mata wayoyi uku masu bakin kada.

Amfilifayar dai ta koma masallaci, daga shagona nake jin kiran la'asar da ita kullum. Yanzu wata tsohuwar rediyo mai kaset ce a kan teburina, na gwada taransista ɗaya ta nuna 0.2V tsakanin B da E maimakon 0.6V, irin na jamaniyam ne, in akwai wanda yake da irinsu a ajiye ya taɓo ni.