Hayar allon iska a Abhur lokacin sanyi, abin da na gani

'Yan uwa na Jidda da Makka da kuke ta tambayata a kan wajen nan na Abhur, a arewacin Jidda, da ake ba da hayar allon iska, wato windsaf, allon da ake tsayawa a kai a riƙe filafili iska na tura shi a kan ruwa, amsa a taƙaice ita ce ku je, kuma a lokacin sanyi za ku je, kar ku bari sai zafi ya shigo. Ba zan kama sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai, amma yana ɓangaren Abhur ta arewa, can gefen da ake gina dogon benen nan na Jeddah Tower.

Mutane da sun ji an ce shiga teku a watan Janairu sai su fara raurawa, alhali Bahar Maliya ba ta yin sanyi irin wanda kuke zato, ruwan a nan yana kaiwa wajen digiri 25 a tsakiyar hunturu, da rana kuma gari na kusan 29. Sanyin da za ka ji sai bayan ka fito jikinka a jiƙe iska na bugunka, shi ya sa gajeriyar rigar roba mai kaurin milimita 2 ta isa, wasu ma riga mai dogon hannu kawai suke sawa saboda rana. Su wajen suna da rigunan amma gaskiya ƙananan sayis sun fi yawa, mai jiki ya zo da tasa.

Iskar ita ce komai a wannan wasa. A gaɓar Jidda yawanci daga arewa ko arewa maso yamma take tasowa, da safe lumui sai ka ga ruwa kwance, daga bayan azahar ta fara motsi, wajen la'asar ta kankama. To ga inda malamin wajen ya burge ni wallahi. Kafin ya ba ka komai sai ya tsaya ya kalli tutar da ke bakin ruwa, ya duba Windy, manhajar hasashen iska, a wayarsa, ya kalle ka sama da ƙasa ya tambayi nauyinka, sannan ya zaɓo filafili. Sabon shiga allo mai faɗi yake ba shi, na lita 200 ko kusa da haka mai wuƙar tsakiya da ke hana shi zamewa gefe, da ƙaramin filafili na murabba'in mita 3.5 zuwa 4.5, kuma ba ya barin ka shiga in iska ta wuce not 12 (not ma'aunin gudun iska ne). Wani yaro ɗan gidanmu ya nace shi babba yake so irin na wasu Turawa da ya gani suna gudu, malamin ya ce masa a'a, ya kai shi kan yashi ya sa shi ya ja igiyar ɗaga filafilin, bayansa a miƙe gwiwa a lanƙwashe, har sai da ya iya juya allon da ƙafa ba tare da ya kalli ƙasa ba. Ranar yaron ya je ya dawo da kansa, yana ta ihu Baba kalle ni. Wannan haƙurin koyarwa shi ne abin da kake biya, don kuɗin awa ɗaya ba kaɗan ba ne, sai dai ni ban ji ciwon riyal ɗina ba.

Ƙorafina na farko kayan waɗanda suka ɗan iya ne. In iska ta kai not 15 zuwa sama, lokacin da allo ke tashi yana shafar saman ruwa, kana buƙatar filafili na mita 5.5 ko 6.5 da ɗamarar da ake maƙalawa a sandar riƙo don hannu ya huta, to nasu sun tsufa, rana ta cinye ledar filafilin har ta yi hazo ba ka ganin gabanka sosai, wani ma an liƙe shi da salatif, igiyoyin ɗamara kuma gishiri ya busar da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tsakiyar ruwa, na faɗa musu kuma ina fata su gyara.

Na biyu ba laifinsu ba ne duka. Abhur mashigin ruwa ne siriri da ya kutsa cikin ƙasa, gine-gine gefe da gefe, saboda haka iskar ciki tana zuwa da fizga, yanzu ta cika filafili yanzu ta sake ka ka faɗa ruwa. Ga masu babur ɗin ruwa ranar Juma'a da Asabar, gudu kamar an koro su, igiyar ruwan da suke tadawa kaɗai ta isa ta kayar da mai koyo. Wanda ke da hali ya je tsakiyar mako. Haka in an ce azyab ce ta taso, iskar kudun nan mai ƙura da gumi, ko hadari ya haɗo tunda Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin ruwan Jidda, ku zauna gida kawai, su ma ba sa bayarwa.

Takalmin roba dole ne fa, akwai murjani mai kaifi da bushiyar teku a wuraren duwatsu, ƙayarta in ta shiga tafin ƙafa karyewa take a ciki. Rigar ceto suna bayarwa kuma ba sa wasa da ita, na ji daɗin haka. Ku tafi da ruwan sha da yawa da na wanke ido, don gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna ƙarfi, famfon wankansu kuma guda ɗaya ne ana layi. Akwai ɗan wajen sallah mai tsafta.

Masu tambaya ko sai ka iya iyo, eh sai ka iya ko da kaɗan ne, za su tambaye ka. Ku kira su tun da safe ku ji yanayin iska kafin ku taso, musamman 'yan Makka da tafiyar ta fi awa, kuma ku isa da wuri don wajen ƙarfe 6 rana ta faɗi sun fara tattara kaya.